Tag ko Tiraka: Wanne Zai Kawo Labari Gida Idan Matafiyi Ya Yi Nisa?

A shagunan sayar da kayan waya, suna ɗaya ake kiran su duka: tiraka. Ɗan farin maɓallin nan mai kama da kwabo da ake jefawa cikin jaka, tiraka. Baƙin akwatin da mai wayarin ke ɓoyewa a bayan dashbod, shi ma tiraka. Wannan haɗa sunan shi ke jawo mutum ya sayi abin da aka ƙera domin neman makulli, ya rataya wa ɗansa da zai bi hanyar Birnin Gwari, ya koma gida yana ganin ya yi tanadi. Abubuwa biyu ne masu aiki daban, kuma bambancinsu yana cikin tambaya ɗaya: idan abin ya yi nisa da mai shi, wa zai ɗauko labarin inda yake ya kawo?

Tag, wato irin su AirTag na Apple, SmartTag na Samsung, Tile, Chipolo da Pebblebee, ba shi da GPS (na'urar gano wuri ta taurarin ɗan'adam) a cikinsa, ba shi da sim, bai san inda yake ba. Abin da yake yi kawai shi ne fitar da ɗan sigina na bulutut a kai a kai, kamar mai cewa "ga ni nan". Siginar ba ta wuce mita goma zuwa talatin a zahiri, bango ko jikin mota na rage ta. Idan wata waya da ke cikin tsarin da tag ɗin ke aiki da shi ta gitta kusa, sai ta ji siginar, ta duba inda ita kanta take, ta kulle bayanin yadda mai tag ɗin kaɗai zai iya buɗewa, ta tura ta intanet. Mai wayar da ta yi wannan aiki bai ma san an yi ba. Ashe ke nan tag ɗan aro ne: da idon wayar wani yake gani, da datar wani yake magana. Shi ya sa batirin da yawa daga cikinsu, ɗan faifan nan CR2032, ke kai kusan shekara guda, kuma babu kuɗin wata-wata. AirTag ya fito a watan Afrilun 2021 a kan dala 29, nauyinsa giram 11.

To amma ba kowace waya ce ke yi wa kowane tag aike ba, kuma a nan ne lissafin ƙasashenmu ya bambanta da na Amurka ko Ingila, inda aka fi yabon waɗannan na'urori. AirTag, iPhone da sauran na'urorin Apple kaɗai ke ɗaukar labarinsa. SmartTag, wayoyin Galaxy kaɗai. Tile ya dogara ne da masu manhajar Tile ko ta Life360, kamfanin da ya saye shi a 2021. A filin jirgin Jidda, Dubai ko Istanbul, iPhone ta yi yawa har jaka ba za ta yi minti kaɗan ba tare da wata ta gitta ba. A tashar mota ta ƙauye tsakanin Gusau da Funtuwa, ko a kasuwar mako a yankin Damagaram, aljihun mutane cike yake da Tecno, Infinix da itel, wasu ma ƙaramar waya ce mai maɓalli. AirTag na iya kwana biyu a irin wannan wuri taswira tana nuna inda aka gan shi shekaran jiya.

Mutum zai ce to sai a sayi wanda ke aiki da Android, tunda ita ta cika gari. Google ya buɗe nasa tsarin a watan Afrilun 2024, wanda yanzu ake kira Find Hub, kuma Chipolo, Pebblebee da Motorola suna ƙera tag da ke hawa kansa. A takarda wannan shi ya fi dacewa da mu. Sai dai akwai ƙulli biyu. Na farko, yadda Google ya saita wayoyi tun daga farko, ba sa bayar da labarin tag sai a wurin da wayoyi da dama suka ji shi, domin kare sirrin mutane. Waya ɗaya tilo da ta gitta a kan hanyar daji ba za ta ce komai ba, sai idan mai ita ya shiga saiti da kansa ya zaɓi ta taimaka a kowane wuri. Na biyu, wayar da za ta yi aiken tana bukatar bulutut a kunne, wurin gano inda take a kunne, data a kunne. Kowa ya san al'adarmu: a kashe data don kar ta ƙare, a kashe bulutut don caji ya kai dare.

Duk da haka, kar a raina tag, don a fagensa babu kamarsa, kuma fagensa shi ne kayan jirgin sama. Alhazai sun fi kowa sanin wannan ciwo: hukumar alhazai ta raba jakunkuna iri ɗaya, launi ɗaya, ɗaruruwa a jibge a wuri guda. Tag a cikin jaka zai nuna ko tana Madina, ko ta riga ta sauka Kano, ko an bar ta a Jidda. Idan an matso kusa, ana sa shi ya yi ƙara daga waya. Mai AirTag da iPhone 11 ko galibin waɗanda suka biyo bayanta yana samun ƙari, kibiya ce za ta fito a fuskar wayar tana nuna gefen da jakar take da yawan mitocin da suka rage. Tun watan Disambar 2024, Apple ya ba da damar a ƙirƙiri mahaɗin intanet na wucin gadi da ke nuna inda jakar take, a miƙa wa kamfanin jirgi, ya mutu da kansa bayan kwana bakwai. British Airways, Lufthansa, KLM da Turkish Airlines na cikin masu karɓarsa. Ta fuskar doka kuma babu matsala a saka tag cikin kayan awo, domin sinadarin litiyom da ke cikin CR2032 bai kai giram 0.3 da hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙayyade ba. An yi ɗan ruɗani da Lufthansa a watan Oktoban 2022 kan ko an hana, daga baya kamfanin ya tabbatar da cewa an yarda.

Inda ake saka shi yana da tasiri. Aljihun waje na jaka shi ne wuri na farko da hannu ke shiga. Gara a zuge zif ɗin shafin ciki, a manna shi da salatif a jikin ƙarfen hannun jakar, a mayar da zif. Kar a jefa shi cikin tukunya ko kular ƙarfe da aka sayo tsaraba, ƙarfe na haɗiye sigina. A sake batir kafin doguwar tafiya idan ya haura wata takwas, kuma a kula da irin batirin da ake shafa wa abu mai ɗaci don kar yara su haɗiye: Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa wasunsu ba sa haɗuwa da ƙarafan cikin AirTag. Sannan ganin jaka a taswira ba ya maye gurbin takarda. Wanda kayansa ba su fito ba, ya cika takardar rahoton ɓatan kaya a teburin kamfanin kafin ya bar filin jirgi, ya adana ɗan tikitin da aka manna masa lokacin awo. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, jakar da ta kai kwana 21 ba ta iso ba ana ɗaukarta ɓatacciya, kuma da waɗannan takardu ake neman diyya, hoton taswira ƙarin hujja ne kawai.

Tiraka ta GPS kuwa tsayayyiya ce da ƙafarta. A cikinta akwai mai karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 sama da ƙasa. Tana bukatar jin aƙalla huɗu kafin ta lissafa inda take, kuma a fili, ƙarƙashin buɗaɗɗen sama, kuskurenta ba ya wuce mita biyar ko makamancin haka. Na zamani kan haɗa da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin don su yi saurin kamawa. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne taurarin nan ba sa jin na'urar. Magana suke, ita tana saurare. Don ta faɗa maka abin da ta lissafa, sai ta bi ta sim ɗin da ke cikinta, ta ƙarfen sabis mafi kusa, kamar kowace waya. Inda babu sabis, tiraka ta san inda take sarai, amma kai ba ka sani ba. Masu kyau suna ajiye bayanin a ciki su turo shi gaba ɗaya idan sabis ya dawo, wanda ke da amfani wajen bin sawu daga baya, amma ba ya taimako a lokacin da abin ke faruwa.

Wannan ba hasashe ba ne a wurinmu. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi a Katsina, Sakkwato da Kaduna. Duk motar da ta shiga waɗannan wurare a lokacin, tirakarta ta yi shiru har sai ta fito. Ko ba a rufe ba, akwai dazuzzuka da tsawon hanyoyi da sabis bai taɓa kaiwa ba, kuma su ne wuraren da aka fi tsoro.

Sauran matsalolin tiraka ƙanana ne, amma su suka fi kashe ta. Sim ɗin ciki layi ne kamar kowane: a Nijeriya sai an haɗa shi da lambar NIN, sai da data a kai, kuma idan ya daɗe babu hada-hada kamfani na iya rufe shi. Datar da take ci kaɗan ce, 'yan megabayit a wata, amma saboda sim ɗin yana ɓoye a bayan dashbod sai a manta da shi, ranar da aka sace mota a buɗe manhaja a tarar rabon na'urar da magana wata huɗu. A rubuta lambar layin a ajiye, a sa masa ranar sabuntawa, a cire lambar kulle ta sim kafin a saka shi, a kuma tabbatar an tura wa na'urar saitin intanet na kamfanin layin ta saƙon tes, don ba ta iya ɗauka da kanta kamar waya. Wanda zai tsallaka iyaka, daga Katsina zuwa Maraɗi ko daga Mubi zuwa Kamaru, ya tambaya ko layin zai yi aiki a can da kuma nawa zai ci.

Sai batun 2G. Yawancin masu araha da suka cika kasuwa, irin su GT06, TK905 da ST-901 na asali, da tsohon layin 2G suke aiki. A yankinmu har yanzu yana raye, a wasu ƙauyuka ma shi kaɗai ke akwai, don haka ba aibi ba ne. Amma Japan, Singafo da Ostareliya sun daɗe da kashe shi, kamfanin sadarwa na AT&T a Amurka ya kashe nasa tun 2017. Na'urar 2G a can tamkar dutse ce. Mai tafiya nesa ya nemi mai 4G da ke iya komawa 2G idan ta rasa.

Akwai iri biyu ta fuskar wuta. Ta wayarin ana haɗa ta da batirin mota, ja zuwa wuta mai ɗorewa ta bayan fiyus, baƙi zuwa jikin mota, wata wayar kuma zuwa makulli don ta san an tayar ko an kashe. Tana da ɗan batir na ciki da zai riƙe ta ɗan lokaci ta turo saƙon cewa an yanke mata wuta, kuma wannan saƙon shi ne mafi daraja a duk abin da take turowa. A babur, idan an ajiye shi makonni ba a tayar ba, tana iya shanye batir. Mai maganaɗisu kuma batirinta a cikinta yake: idan an saita ta tana turo wuri kowane daƙiƙa talatin, kwanaki kaɗan za ta yi, idan kuma sau 'yan kaɗan a rana ne ko sai an motsa, tana kai makonni. Duk wadda aka zaɓa, fuskar eriyar ta kalli sama, kuma abin da ke samanta ya zama roba, gilashi ko soso. Idan an binne ta ƙarƙashin ƙarfe, ko kaya na cikin kwantena, za ta koma yin kirdado da ƙarfen sabis, kuskuren ya tashi daga mita biyar zuwa ɗaruruwan mita, a karkara har kilomitoci. Irin mai babban batir ɗin nan ba ta dace da kayan awo a jirgi ba, don dokar batirin litiyom ta fi tsanani a kanta kuma tana watsa siginar waya.

Wasu na zuwa da rilai, wato ɗan makunnin lantarki, da ake haɗawa da wayar famfon mai, a kashe mota daga nesa da saƙon tes. Abu ne mai amfani kuma mai haɗari. Yanke mai ga motar da ke gudu a kan babban titi na iya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, kuma idan mai motar na ciki tare da 'yan fashi, tsayawar motar ba zato na iya jawo masa abin da ya fi rasa mota. A saita ta yadda ba za ta yanke ba sai gudu ya sauka ƙasa sosai ko motar ta tsaya. A kuma canza lambar sirri ranar farko. A 2019 kamfanin Avast ya gano dubban ɗaruruwan na'urori masu araha da ke amfani da 123456, a 2022 kuma kamfanin BitSight ya nuna cewa samfurin MiCODUS MV720 na da raunin da zai ba baƙo damar bin mota har ya yanke mata mai. Na'urar da aka bari da lambar da ta zo da ita, ba mai ita kaɗai take yi wa aiki ba.

Ɓarayin mota sun san da tiraka. Suna duba ƙarƙashin sitiyari, kusa da akwatin fiyus, ƙarƙashin kujera, wuraren da mai wayarin mai gaggawa ke sakawa. Wasu na ajiye motar kwana ɗaya ko biyu a wani lungu su ga ko za a biyo ta. Wasu na da ɗan abin toshe sigina da ake sokawa a ramin caja, tunda siginar taurari tana isowa ƙasa da rauni ƙwarai. A nan haɗa biyun ke da ma'ana ga motar da ke yawo a manyan birane: tiraka ta wayarin a matsayin babba, tag a cusa cikin soson kujera a matsayin na baya. Sai dai a sani tag ba a yi shi don kama ɓarawo ba, zai ma iya tona kansa. AirTag da ya rabu da mai shi yana fara ƙara da kansa tsakanin awa 8 zuwa 24, kuma wayar ɓarawon, iPhone ce ko Android, za ta iya sanar da shi cewa wani tag na biye da shi.

Wannan sanarwar an yi ta ne saboda mutanen da aka riƙa bibiya a ɓoye, yawanci mata, kuma matafiyi ya kamata ya san ta don kansa. Tun watan Mayun 2024 Apple da Google suka haɗa ƙa'ida ɗaya a kan haka. Idan wayarka ta ce baƙon tag na tafiya tare da kai, kar ka wuce gida ko masauki kai tsaye. Ka tsaya a wurin jama'a, ka sa shi ya yi ƙara, ka nemo shi. Kara farin gefen AirTag a bayan waya mai NFC, wato wadda ke karanta abin da aka kara mata, zai nuna lambarsa da lambobi huɗu na ƙarshe na wayar mai shi. Ka ɗauki hoton wannan, sannan ka danna murfin ƙarfen ka murɗa hagu ka zare batir. Tiraka ta GPS ba ta da irin wannan kariya, babu wayar da za ta sanar da kai, sai dai duba da hannu. Haka nan wanda zai saka wa direbansa, matarsa ko mahaifinsa na'ura, ya gaya musu. Ban da hakki da ke ciki, wanda ya san da na'urar shi zai yi mata caji, ya kuma danna maɓallin neman agaji idan ta ɓaci.

Ga dattijo a Mina ko Harami, inda waya ta yi yawa kamar yashi, tag a jakar wuya na taimakawa, matuƙar an fahimci cewa labarinsa na iya makara da mintuna kuma AirTag ba ya ajiye tarihin inda aka bi, wurin ƙarshe kaɗai yake nunawa. Tun 2023 ana iya raba AirTag ɗaya da ƙarin mutum biyar, don haka ɗa a gida da abokin tafiya a Makka duk za su iya gani. Ga mai bin hanyar mota a cikin ƙasa kuwa, wayar da ke aljihunsa ta riga ta zama tiraka: tana da GPS, tana da sim. WhatsApp na ba da damar raba wuri kai tsaye na minti 15, awa 1 ko awa 8. Rauninta ɗaya, ita ce abu na farko da ake ƙwacewa, shi ya sa ƙaramar na'ura dabam da ba ta cikin aljihu ɗaya da waya take da nata amfani.

Wanda zai ƙetare inda sabis ya ƙare gaba ɗaya, kamar daga Agadas zuwa Dirku, duka biyun ba nasa ba ne. Abin da ke aiki a can shi ne mai aika saƙo ta tauraro kai tsaye, irin Garmin inReach da ke bin taurari 66 na Iridium, ko wayar Thuraya da direbobin sahara suka daɗe da sani. Suna da tsada, suna da kuɗin wata, suna bukatar buɗaɗɗen sama, kuma ba ko'ina aka yarda da su ba. Indiya na kama matafiya a filin jirgi saboda su, sojoji kuma sun taɓa haramta Thuraya a Borno a 2013. A tambayi doka kafin a ɗauka, musamman a yankin da ake aikin soja.

Kowacce aka saya, a gwada ta a kan hanyar da za a bi tun kafin ranar bukata. A ba wani amintacce ya yi tafiyar da ita, a zauna a gida ana kallo, a rubuta inda ta yi shiru da tsawon lokacin. Wannan rubutun shi zai hana iyali tashin hankali a banza, ya kuma nuna musu lokacin da shirun ya wuce ƙa'ida. A gida a ware mutum ɗaya da ke da manhajar da lambar sirri, ya san lambar motar da launinta, ya san cewa idan ɗigon ya kauce daga titi ya tsaya, aikinsa kiran 112 ko ofishin 'yan sanda mafi kusa da wurin ne. Kada shi ko dangi su bi ɗigon da kansu zuwa wani gida ko daji. Abin da zai ba jami'an tsaro kuma ba "wajen kaza" ba ne: ya danna ɗigon ya riƙe har lambobi biyu su fito, irin 12.0022 da 8.5167, ya kwafe su duka tare da lokacin da na'urar ta turo su. Lamba huɗu bayan ɗigo na kai mutum cikin kusan mita goma sha ɗaya na wurin, idan aka yanke zuwa biyu kuma faɗin ya haura kilomita guda.